Pisin ɗin da awonsa ya ƙi sauka daga 100: nazarin lamari daga wani gida a Yamai

Gidan da pisin ɗin

Gidan na wani ɗan kasuwa ne ɗan asalin Maraɗi da ke zaune a Yamai da iyalinsa. A bayan gidan akwai pisin, wato wurin iyo, na siminti da aka shimfiɗa wa ƙananan tayil. Tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 4, zurfinsa daga mita 1 a gefen yara zuwa mita 1.5 a ɗaya gefen. Ruwan da yake ci ke nan mita kubik 50, wato lita 50,000, kuma kowane santimita ɗaya na zurfi lita 400 ne. Injin yana juya kimanin mita kubik 12 a awa ta cikin matatar yashi. Babu rumfa, babu inuwar itace, rana na dukan ruwan tun hantsi har la'asar.

An cika shi da ruwan pompo a watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Daga nan har wata 18 ba a taɓa zubar da shi ba, sai dai ciko. Abin da rana ta sha, wanda a bazara yakan kai santimita ɗaya a yini, a buɗe tiyo a mayar.

Maigadin gidan, wani dattijo mai kula, shi ke riƙe da aikin. Yana sa dunƙulen kulorin mai giram 200, wanda masu shago ke kira gale, a kwandon bakin da ke zuƙar ruwan da ke saman pisin: biyu a mako lokacin ɗari, uku idan zafi ya shigo. In yara sun taru sun yi wanka, ko ƙura ta sauka, sai ya watsa garin da ake kira kulor shok. Kowace Juma'a yana wanke matata, abin da ke fitar da kusan lita 500. Awo kuwa da tsinken gwaji yake yi, irin wanda ake tsomawa a ruwa a kwatanta launinsa da na jikin kwalba.

Ɗaya daga cikin launukan tsinken na istabilizan ne, wanda sunansa na kimiyya asid siyanurik. Kulorin da ba shi da kariya, hasken rana kan cinye mafi yawansa cikin awa biyu zuwa uku. Istabilizan yana riƙe shi, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa pisin ɗin da ke fili ba ya yi sai da shi. Amma riƙon nan in ya yi yawa, kulorin ɗin da ke sake a ruwa yana aikin kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka sai ya ragu ƙwarai. Abin da aka saba so shi ne miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita. Dokar Faransa ta tsayar da 75 a matsayin iyaka ga wuraren iyo na jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada ya wuce 100. Duk lambobin awon istabilizan da na kulorin da ke gaba, miligiram ne a kowace lita.

Makon ƙarshe na Maris: tsinke ya ce babu

Zafi na kamawa sai ruwan ya daina ƙyalli. Bango ya yi santsi in an shafa, gansakuka ta fara fitowa a kusurwoyi da tsakanin tayil, musamman gefen da ba ya samun motsin ruwa. Maigadi ya goge, bayan kwana biyu ta dawo.

Ranar 22 ga Maris ya tsoma tsinke. Kulorin ya nuna tsakanin 2 da 3, pH, wato awon tsamin ruwa, wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, ya nuna 6.8, launin istabilizan kuwa ya tsaya kusa da na 0, bai kai na 30 ba. Ya ɗauki tsinken ya kai shagon da ake sayen magani. Mai shagon ya duba ya ce magana a fili take: babu kariya a ruwan, rana ce ke cinye kulorin, shi ya sa gansakuka ta samu hanya. Ya ba da kilo 1 na garin istabilizan da kilo 2 na kulor shok.

An zuba duka a cikin makon. Ruwan ya ɗan washe kwana uku, sannan ya koma yin hazo, har ba a ganin magudanar ƙasa sosai daga bakin pisin. Tsinke kuma bai canja magana ba. Bayan kilo guda na istabilizan, wanda a lita 50,000 ya kamata ya ƙara 20, launin yana nan inda yake. Maigadi ya gaya wa maigidan cewa, "Alhaji, ni dai na zuba da hannuna, amma abin nan bai nuna ba." Aka ci gaba da gale uku a mako.

12 ga Afrilu: kwalba ta ce 100

Aka kira wani mai gyaran pisin da ke yawo gida-gida. Ya zo da wani ma'auni dabam, na ɗigo baƙi. Yadda ake aiki da shi: a zuba mililita 7 na ruwan pisin a ƙaramar kwalba, a ƙara mililita 7 na ruwan gwaji mai sinadarin melamin, a girgiza daƙiƙa 30. Melamin na haɗuwa da asid siyanurik ya mai da ruwan fari kamar an ɗiga nono. Sai a riƙa tsiyaya shi a hankali cikin wani siririn bututu mai baƙin ɗigo a gindinsa, ana leƙawa ta sama, har ɗigon ya ɓace. Inda ruwan ya tsaya, nan ake karanta lamba. Lambobin a juye suke: 100 yana can ƙasa kusa da gindi, 30 yana sama kusa da baki, domin ruwan da ya fi fari shi ke saurin rufe ɗigon.

Ya gwada sau biyu, ya rubuta 100. Tsinke ya ce kusan babu, kwalba ta ce ninki biyu na abin da ake so, a ruwa ɗaya, a rana ɗaya.

Mai gyaran ya gaskata kwalbarsa. Ya sa aka cire gale daga kwando, aka wanke kwandon, aka koma ga garin kulorin mai kalsiyom, wanda aka fi sani da HTH, wanda ba ya ɗauke da istabilizan. Ya ce a rage ruwa, domin babu wani magani a shago da za a dogara da shi ya cire asid siyanurik. Lissafinsa shi ne a zubar da kashi 30 cikin 100, awon ya sauko 70, sauran kuma wankin matata ya rage shi sannu a hankali.

14 zuwa 17 ga Afrilu: an zubar da lita 15,000, lamba ba ta motsa ba

An sauke ruwan da santimita 37 da rabi. Cikon ya ɗauki dare biyu, don a wannan lokaci na shekara pompon unguwar ba ya zuwa da ƙarfi sai dare ya raba, kuma abin da yake bayarwa bai wuce mita kubik 8 kafin safiya ba. Ranar 17 aka sake gwadawa. 100.

Kowa ya kawo zatonsa. Maigidan ya ce ko ruwan pompon ne ke zuwa da abin. Maigadi ya ce ko yashin matata ne ya shanye garin da aka zuba a Maris yana sakinsa. Mai gyaran ya fara zargin ruwan gwajinsa, ya ce ya daɗe a jakar babur cikin rana. An kusa yanke shawarar a kwashe ruwan gaba ɗaya.

19 zuwa 21 ga Afrilu: an gwada ma'aunan kansu

Kafin a kwashe, mai gyaran ya ɗauko wani tsohon hannu da ya daɗe yana kula da pisin ɗin wani otal. Shi bai fara da ruwan pisin ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, amma sai an san wane ma'auni ne mai gaskiya kafin a tambaye shi.

Na farko, ruwan pompo. Ya haɗa shi da ruwan gwajin, ya cika bututun har baki, ɗigon na nan tar. Ruwan pompo ba shi da istabilizan, zaton maigidan ya faɗi. Na yashin matata ma bai tsaya ba. Garin istabilizan yana da jinkirin narkewa, yakan ɗauki kusan mako kafin ya bayyana duka a awo, amma an yi mako huɗu da zuba shi, an wanke matatar sau da dama, kuma ko duk kilon ya fito yanzu 20 kaɗai zai ƙara.

Na biyu, ya haɗa ruwan da ya san abin da ke cikinsa. Ya sa aka auna giram 1 na garin istabilizan a kan ma'aunin maƙerin zinariya, ya narka shi a lita 1 na ruwan ɗumi da girgizawa, ya bar shi ya kwana, washegari ya juye a bido ya cika zuwa lita 20. Giram 1 a lita 20 shi ne miligiram 50 a lita. Bututun ɗigo ya karanta 50, ke nan ruwan gwajin lafiyarsa lau. Tsinken maigadi da aka tsoma a bidon ya nuna launin 0. Tsinke daga sabuwar kwalba ya nuna 30 zuwa 50.

Ya tambayi maigadi, "Baba, ina kake ajiye kwalbar tsinken nan?" Aka kai shi ɗakin inji, mai rufin kwano, inda kwalbar ke kan kanta kusa da bokitin gale. Murfin ba ya rufuwa sosai, da jiƙaƙƙen hannu ake zaro tsinke, kuma ranar ƙarewar aiki da ke gindin kwalbar ta wuce da watanni. Zafi da laima da tururin kulorin, kowanne shi kaɗai ya isa ya kashe launin tsinke. Ga kuma pH na 6.8. Masu yin irin wannan tsinke sukan rubuta cewa launin istabilizan ba abin dogara ba ne in pH bai kai 7 ba, gale kuwa mai tsami ne ƙwarai, shi ke jan pH ƙasa mako bayan mako.

Na uku, ya nemi mai gyaran ya maimaita gwajinsa a gabansa. Yana tsiyayawa, ɗigon ya ɓace tun ruwan bai kai layin 100 ba. Tsohon hannun ya ce, "Malam, tsaya nan. Haka ya yi maka ranar 12?" Ya ce haka ya yi, har ma ya fi saurin ɓacewa. Ƙasa da layin 100 babu wata lamba a jikin bututun, sai ya rubuta lambar da ta fi kusa. Ruwa mai 110 da mai 300 duk abin da bututun zai iya cewa a kansu ɗaya ne.

Na huɗu, hazon ruwan. Ya cika bututun da ruwan pisin zalla, ba tare da melamin ba, sai ga ɗigon ya yi dishi-dishi. Gwajin nan duhun ruwa yake aunawa, bai san bambancin farin melamin da na mataccen gansakuka ko ƙura ba, don haka ruwa mai hazo yana ƙara wa lamba. Ya tace samfurin sau biyu ta takardar tace kofi har ɗigon ya fito sarai.

Sai sirki. Da sirinjin mililita 10 daga shagon magani ya haɗa mililita 10 na tataccen ruwan pisin da 10 na ruwan pompo, ya ɗebi 7 daga ciki ya gwada: 90. A ninka biyu, 180. Ya sake haɗa 10 na pisin da 30 na pompo: ɗigon ya ɓace tsakanin 40 da 50. A ninka huɗu, 160 zuwa 200. Sirki yana ninka kuskuren ido kamar yadda yake ninka lamba, shi ya sa ake yin biyu a ga ko sun haɗu. Sun haɗu a 180.

Duk karatun a waje ya yi su, ya juya wa rana baya, bututun a daidai ƙugu, yana leƙawa yana kau da kai. Mai ƙura wa ɗigon ido yakan ci gaba da ganinsa bayan ya ɓace, sai ya ƙara ruwa, lamba ta fito ƙasa da gaskiya. A Afrilu sanyin ruwa ba matsala ba ne, amma a Disamba da Janairu, in ruwan ya sauka ƙasa da digiri 21 ko makamancin haka, farin ba ya haɗuwa sosai, sai an bar samfurin ya ɗan ɗumama a ɗaki.

21 ga Afrilu: lissafin bokitai

Akwai hanyar tabbatarwa da ba ta bukatar ma'auni. Maigadi ba ya zubar da bokitan gale, yana ajiye su don aikin lambu. Aka ƙirga bakwai, masu kilo 5, kilo 35 ke nan.

Gale sinadarin tirikulor ne, kuma kimanin kashi 55 cikin 100 na nauyinsa asid siyanurik ne da ke zama a ruwa bayan kulorin ya gama aikinsa. Gale ɗaya mai giram 200 yana barin giram 110, wanda a wannan pisin ya zama 2.2 a lita. Kulor shok ɗin da ake sayarwa a shagon dikulor ne, kusan rabin nauyinsa istabilizan, kilo 1 yana ƙara 10. Kilo 35 na gale ya kai kusan 390, kilo 4 na shok da aka yi amfani da shi kafin Maris ya ƙara 40. Jimla 430 ya shiga ruwan.

Hanyar fitarsa kuwa ƙunci gare ta. Tururi ruwa kaɗai yake ɗauka, istabilizan yana zama, don haka lita 400 da ake cikowa kullum ba ta rage komai. Yana fita ne ta wankin matata, da fantsamar masu wanka, da ambaliyar damina, da ɗan abin da kulorin ke ƙonawa a ruwa mai ɗumi. Ko an ce rabi ya fita ta waɗannan hanyoyi, saura ya haura 200.

Aka bi lissafin ta baya. In bayan zubar da kashi 30 ya rage 180, kafin nan yana wajen 260. A cire 20 na garin istabilizan, 20 na shok kilo 2, da 20 na gale tara na mako uku, ya bar 200 a ranar da tsinke ya ce babu. Hanyoyin biyu sun kai wuri ɗaya.

Daga nan aka gane dalilin gansakukar. Ƙa'idar da masu kula da pisin da yawa ke bi ita ce kulorin kada ya gaza kashi 7.5 cikin 100 na istabilizan. A kan 200, ana bukatar 15. Ana riƙe da 2 zuwa 3. Awon kulorin bai yi ƙarya ba, sai dai yana ƙirga har da wanda istabilizan ke riƙe da shi. Kashe gansakukar da ta riga ta kama kuwa yana son kusan kashi 40, wato 72 a kan 180, abin da ba mai yiwuwa ba ne a pisin ɗin gida.

24 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayu: canjin ruwa a zango biyu

Daga 180 zuwa 45 sai an fitar da kashi uku cikin huɗu. In a karo ɗaya ne, mita kubik 37 da rabi ya isa. In rabi-rabi ne sau biyu, 180 ya koma 90, 90 ya koma 45, amma ruwan da za a kashe mita kubik 50 ne, domin a karo na biyu ana zubar da wani ɓangare na sabon ruwan.

An zaɓi hanya mai tsadar. Sauke santimita 94 zai bar ɗan ruwan da bai kai tafin hannu ba a gefen yara, kuma da ƙarfin pompon unguwar sai bango ya yi kwana huɗu ko biyar tsirara a zafin da ke haura digiri 40. Tayil da ya saba zama cikin ruwa in ya gasu haka yakan ɗago ko simintin tsakaninsa ya tsage. Sauke santimita 62 da rabi kuwa yana barin ƙasan duka a rufe. Lokacin ma ya taimaka ta wani gefen: da damina ce, da sai an yi tunanin ruwan ƙasa da ke iya tura pisin ɗin da aka rage wa nauyi.

Da magariba ake farawa. A kashe inji, a rufe bawul ɗin bakin sama don kada ya zuƙi iska, a bar na magudanar ƙasa, a juya hannun matata zuwa wajen fitarwa, sannan a kunna. Ba a taɓa hannun nan inji na aiki, robar ciki ce ke yagewa. Ruwan ba a sake shi a titi ba. Wani ɓangare ya tafi gindin mangwaro da dogon yaro, mafi yawa kuma aka ja tiyo zuwa kwarmin ruwan masu buga bulo a filin da ake gini a maƙwabta. Cikon kowane zango: dare biyu na pompo da motar ruwa ɗaya mai mita kubik 10, wadda aka gwada ruwanta kafin a juye. Da rana a rataya jiƙaƙƙun buhuna a bangon da ke fuskantar rana.

Safiyar 27 ga Afrilu mai gyaran ya ɗebi ruwa daga sama, kusa da inda tiyo ya kwana, ya sami 50. Aka fara murna an huta da zango na biyu. Ba a kunna inji ba tun da aka fara ciko, sabon ruwa da tsohon ba su gauraya ba. Juyi ɗaya na wannan pisin yana cin awa huɗu da wani abu, kuma juyi ɗaya ba ya gauraya shi duka. Aka bar inji ya yi yini da kwana, ban da awoyin da wuta ta ɗauke, ana goge bango da ƙasa. Ranar 28 aka ɗebo daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakunan da ke dawo da ruwa, a wuri biyu: 90 ba sirki, 45 da sirkin rabi.

Zango na biyu ya bi sawun na farko. Ranar 3 ga Mayu ɗigon ya ɓace tsakanin 40 da 50, aka rubuta 50, don ya fi aminci a ɗauki lambar sama wajen lissafin kulorin.

4 zuwa 8 ga Mayu: gansakuka

An fara daidaita pH zuwa 7.2, domin in kulorin ya haura 10 jan ruwan gwajin pH yakan ba da launin ƙarya. Kashi 40 na 50 shi ne 20. Miligiram 20 a lita daidai yake da giram 20 a mita kubik; giram 20 sau mita kubik 50 ya zama kilo 1 na kulorin zalla, HTH kuwa kashi 70 ne, don haka kilo 1.4. A zuba garin a cikin bokitin ruwa, ba ruwa a kan gari ba, a motsa, a zagaya bakin pisin da shi bayan faɗuwar rana, inji na aiki. Bokitin sabo ne, ba na gale ba. HTH da gale in suka haɗu, ko da ɓurɓushi ne a kwando ko a bokiti, suna iya kamawa da wuta ko su fashe, su saki iska mai guba. Aka raba musu wurin ajiya tun ranar.

Ƙwayar DPD da ake auna kulorin da ita tana kashe launinta in kulorin ya yi yawa, har mutum ya ɗauka babu. Nan ma sirki ne magani: ɗaya na pisin, huɗu na ruwan roba da ba shi da kulorin, a ninka biyar. Safe da yamma ana aunawa ana mayar da shi 20, ana gogewa, ana wanke matata in allurar agogonta ta hau. Daren 7 ga Mayu zuwa asuba kulorin bai ragu da fiye da 1 ba. Da dare babu rana, in kulorin bai ragu ba to babu sauran abin da yake ci. Ruwan ya washe har ana ƙirga tayil ɗin ƙasa. Aka bar shi ya sauko, ba a bar yara sun shiga ba sai da ya dawo wajen 5.

Aikin kullum ya zama riƙe kulorin tsakanin 4 da 6. Pisin ɗin yana cin kusan 3 a yini, giram 150 na kulorin, wato giram 215 na HTH ko lita 4 na jabel, wato ruwan kulorin na wanki, mai ƙarfin digiri 12 wanda ba a sa wa ƙamshi ba. Dogara ga HTH shi kaɗai zai zama gudun gara a faɗa gidan zago: kowane 10 na kulorinsa yana barin kusan 7 na kalsiyom, shi ma ba ya bin tururi, kusan 60 ke nan a wata. Ruwan kogin Kwara da Yamai ke sha ba mai yawan kalsiyom ba ne, akwai sarari na wasu watanni, amma an tsara a riƙa musanyawa da jabel, a saya kaɗan-kaɗan don zafi na rage masa ƙarfi.

Satumba

Awon farkon Yuni ya ba da 50, na Yuli 45, na tsakiyar Satumba 35. Raguwar ta zo daidai da abin da aka gani: ana rage ruwa bayan kowane babban ruwan sama, ana yawan wanke matata saboda guguwar ƙura da ke gabatar hadari. Da a ce ya faɗi gaba ɗaya bayan pisin ya yi kwanaki babu kulorin, da an yi zargin ƙwayoyin bakteriya da ke mai da asid siyanurik amoniya, wadda ke cinye duk kulorin da aka zuba cikin mintuna. A nan kulorin bai taɓa kaiwa sifiri ba, kuma yana kwana.

Aka dawo da gale da gangan, a kwandon da ke yawo a kan ruwa, guda shida cikin mako uku, lissafin 13. Awon Oktoba ya koma tsakanin 40 da 50, aka rufe bokitin.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

Ruwan bai taɓa yin wani abin mamaki ba. Daga 22 ga Maris zuwa 3 ga Mayu ya bi lissafi daidai: 200, 260, 180, 90, 45. Lambobi uku ne suka ruɗa mutane, kowace da sababinta. Sifirin tsinke na matacciyar kwalba ne. 100 na bututu iyakar bututun ne, ma'anarsa 100 ko fiye. 50 na safiyar 27 ga Afrilu na ruwan da bai gauraya ba ne.

Mafi munin kuskuren shi ne na shago. Pisin ɗin da ya yi shekara da rabi yana cin gale ba tare da an canja ruwansa ba, ba zai rasa istabilizan ba, kuma tambaya ɗaya a kan abin da ake zubawa da ta hana sayar da kilon nan. Mai gyaran ya yi daidai da ya cire gale, ya kuma yi daidai da ya ce a rage ruwa, abin da ya rasa shi ne sirinji da minti biyar. Maigadi ba shi da laifi. Ya yi abin da aka nuna masa, shi ne ya fara cewa tsinken bai nuna abin da ya zuba ba, kuma bokitan da ya adana su suka tabbatar da lissafin. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa gale na barin wani abu a baya.

Da an yi sirki tun Maris, rabi-rabi sau biyu zai kai 200 zuwa 50 da mita kubik 50. An kashe 65, da mako shida yara na kallon ruwa. Da kuma an riƙa awo sau ɗaya a wata tun farko ana dakatar da gale in ya kai 50, da babu wannan zubarwa ko kaɗan. Wannan ne ya fi ciwo, domin lita 65,000 a Afrilu da Mayu, lokacin da unguwanni da yawa na Yamai ke jiran pompo har tsakar dare, ƴan garuwa na layi da bido, daidai yake da bido 2,600 masu lita 25.

Yanzu akwai littafi a gidan, kowane gale da ya shiga ruwa ana rubuta shi da 2.2 a gefensa. Kwalbar tsinke da ruwan melamin suna cikin kabad a falo. Bidon nan mai 50 yana rufe a inuwa, duk sabuwar kwalbar tsinke da aka sayo a cikinsa ake fara tsoma ta.